Abin da Ke Ɗaure Ba Bola Ba Ne

Ƙarfe biyu na dare a Nima,
janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu,
saura ni da hasken allo.
Manhajar adashin da na rubuta wa matan kasuwa
tana kumbura kamar ƙullin masa da ya kwana.
Mutum ɗari uku sun fita daga zubi,
na goge su da hannuna, na ga sun ɓace,
amma ƙwaƙwalwar na'ura
ba ta ragu ko da ƙwayar gero ba.

Na kira mai kwashe shara.
Layi ɗaya ne na rubuta, roƙo ne, ba umarni ba.
Sai ya ga dama yake zuwa,
kamar Atinga mai aboboya
da ke busa ƙaho a bakin lungunmu
ran Talata, ko Laraba, ko ran da Allah ya nufa.

Atinga na da ƙa'ida.
Na taɓa fitar da kujera mai ƙafa uku,
Hajiya Lariba ta ɗaure akuyarta a jiki.
Ya duba igiyar, ya duba ni, ya ja babur ɗinsa:
"Abin da ke ɗaure ba bola ba ne."

Na cikin na'ura ma haka yake.
Daga saiwa yake farawa,
ya bi igiya, ya bi wadda ta biyo ta,
duk abin da ya taɓa ya shafa masa alli.
Wanda ba alli, shi ne nasa.
Ko abu biyu sun rungumi juna ƙam,
in babu mai riƙe su daga gida,
tare zai loda su.
Ba ya tambayar wa na goge.
Wa ake riƙe da shi, ita ce tambayarsa.

To, wa ke riƙe da matan nan?

Na sauka cikin tulin, ina ɗaga kaya ɗaya-ɗaya,
sauro na cin idon sawuna.
Can ƙasa na tarar da shi:
wani ɗan jerin suna da na ƙulla da azumin bara
don aika gaisuwar Juma'a.
Na manta da shi. Shi bai manta da kowa ba.

Ta goma sha bakwai a jerin,
Mma Tanni mai wake da shinkafa,
sidi ashirin kullum, ba ta taɓa fashi ba,
ita ce ke ƙara mini ganda ba tare da na tambaya ba.
Mun kai ta makwanci da damina.
Wata bakwai ke nan, duk Juma'a
saƙona na sauka a wayarta,
wayar da yanzu ke aljihun jikanta
mai gyaran fanka a Mamobi.
Bai taɓa ce mini in daina ba.

Ashe ba laifin mai shara ba ne.
Ya zo, ya ga igiya, ya wuce,
ya zo, ya ga igiya.
Ɗaya bakin a hannuna yake.

Na daɗe yatsana na shawagi.
Gyaran bai kai tsawon atishawa ba:
wadda ta fita daga zubi, a kwance ta daga jerin.

Na danna.
Ba abin da ya motsa. Na jira.
Sai can, ba sallama,
layin da ke hawa ya gangaro
kamar ruwan babban kwalbati bayan an ɗauke sama.
Fili ya buɗe wa waɗanda za su shigo gobe.

Ladan ya kira assalatu.
Na rufe na'ura, na ɗauki buta.
A wayata kuwa lambar Mma Tanni na nan,
tsakanin mai gas da Mutaru tela.
Wuri kaɗan ta ci.
In Atinga ya zo, ya wuce.